Kazar Ɗori

A gidan Mainasara na Kwarin Gawo, can bayan Burumburum, an yi wata shekara da majinyata biyu suka kwanta a ɗaki guda: mace da kaza. Kazar ta samu mai leƙa ta safe da yamma, ta samu tsaba da ruwa a kasko, har da mai tambayar yadda ta kwana. Macen kuwa, Barakatu, ita ce matar gidan, ita ta haifi 'ya'yan gidan, amma sai dai ta ci albarkacin kaza. A baki abin ya yi kama da na dariya, sai dai wadda ta kwanta a ɗakin ba ta yi dariya ba.

Da kaka abin ya faru. Dawa ta yi kyau a shekarar, Mainasara kuwa mutum ne da ba ya son yin sawu biyu inda ɗaya zai yi, sai ya lafta wa amalanke dammuna har suka fi ƙarfin bijimai. Bijiman nan na Barakatu ne, mahaifinta makiyayi ya ba ta su tun suna maruƙa, kuma muryarta suka fi ji. Da suka toge a bakin kwari suka ƙi sauka, Mainasara ya aika a kira ta. Ta bar tukunya a kan murhu ta zo, ta kama igiya tana lallashinsu da Fulatanci, suka fara gangarawa. Taya ɗaya ta faɗa zaizayar ruwa, amalanken ya kife da kayansa, ya danne ta daga cibiya zuwa cinya. Sai da maza suka watsar da dawar kafin suka iya ɗaga shi.

Ba ta yi ihu ba. A rugar da ta tashi, mace ba ta kuka a gaban mutane ko da haihuwa take yi, fulako ya hana. Ta dai cije leɓe, gumi na tsattsafo mata, tana kiran sunan Allah a hankali. Waɗanda suka ɗauke ta har suna cewa, ai da sauƙi, tunda ba ta kuka.

A-kori-kura aka samu ta kai ta asibitin Tudun Wada. Aka yi mata allura, aka ɗauki hoto. Likitan, wani saurayi mai sanyin magana, ya ɗaga hoton a jikin taga ya kira Mainasara.

"Malam, dubi nan. Ƙashin ƙugu a zagaye yake kamar bakin ƙwarya. Na matarka ya fashe gaba da baya, ɓari ɗaya ya goce ya yi sama. Irin wannan ba a ɗora shi da kara, domin babu inda za a ɗaure. Sai an yi mata aiki. A Kano ake yi. Za a buɗe wurin, a mai da ƙashin mazauninsa, a kama shi da ƙarfe da kusoshi. Allah ya taimake ku bai huda mafitsara ba, jinin ma ya tsaya. Amma kada ku yi sanya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In kuka bari makonni suka wuce, ƙashin zai kame a yadda yake, a karkace."

Barakatu da ke kwance ta daure ta yi magana. "Likita, in an yi aikin zan taka?"

"Da yardar Allah za ki taka, har rijiya za ki je."

Maganar nan ta riƙe a ranta kamar guzuri. Mainasara ya sosa ƙeya ya ce, "To, likita, Allah ya saka. Bari mu je gida mu kintsa." Likita ya ce a bar ta a nan a wuce da ita Kano kai tsaye, Mainasara ya ce ai yana da uwa, ba ya yanke magana irin wannan ba da saninta ba. Haka aka sake ɗora ta a bayan mota, kowane rami motar ta faɗa sai ta ji ƙasusuwan suna goga juna.

Inna Rabi, mahaifiyar Mainasara, ta saurari bayanin tana tsintar wake, ba ta ko ɗago kai ba sai da ya zo kan aiki.

"Aiki? A wane wuri? A ƙugu? Wato ƙato ya tuɓe matar ɗana, ya sa mata wuƙa a inda ko ungozoma sai ta kau da kai? Ba a gidan nan ba. Kai ba ka ji ba, asibiti ba su iya karaya ba, yanke ƙafa kawai suka sani. Kuma wa zai tafi Kano zaman jinya, dawa tana zube a gona, gara na ci? Ni da tsufana? Ko kai? Ga Shitu nan a bayan tsauni, kakansa ya ɗora kakanka."

Mainasara ba mugu ba ne irin wanda ake nunawa da yatsa. Bai taɓa ɗaga wa Barakatu hannu ba. Mutum ne dai da ba ya iya ce wa uwarsa a'a, ba ya kuma iya amsa abin da zai raba shi da gonarsa, to ranar nan sai abubuwan biyu suka zo masa a faifai ɗaya. Ya ce, "Yadda kika ce, Inna." Har ya ji wani nauyi ya sauka daga kansa.

Washegari Shitu mai ɗori ya iso da jakarsa ta fata. Tsoho ne mai kunya, bai taɓa kallon matar wani ido da ido ba, balle ya lalubi ƙugunta. Ya durƙusa daga gefe, ya kau da fuska, ya matsa cinyarta ta saman zane. Ta yi nishi, ya ce, "Yauwa, ga shi nan."

"Baba," in ji Barakatu da ƙaramar murya, "ba nan ba ne. Sama ne."

"Ke 'yar nan," Inna Rabi ta katse ta, "gadonsa za ki koya masa?"

Ya shafa man shanu, ya yi tofi, ya jera karan dawa a cinyar da lafiyarta ƙalau, ya ɗaure da tsumma tamau. Sannan ya ce a kamo masa kaza. Aka kamo wata mai wake-wake, budurwar kaza da ba ta fara ƙwai ba. Ya riƙe ƙafarta ta hagu, ya karya ta ƙas, ya ɗora da tsinke da zare, ya tofa mata abin da ya tofa wa Barakatu. Haka gidansu suka gada, in ji shi, kaza ita ce madubin ɗori.

"A kife ta da kwando a ɗakin mai ciwo. Ranar da kazar nan ta taka, mai ciwo ta warke. Kada a yanka, kada a sayar, sai mai ciwo ta tashi."

Daga ranar ɗakin Barakatu ya zama nata ita da kaza. 'Ya'yanta uku aka mai da su ɗakin Inna, wai kada su taka ɗori. Ƙaramar, Maimuna, takan zo bakin ƙofa ta tsaya da yatsa a baki, sai a daka mata tsawa ta koma. Mainasara ya kwashe shimfiɗarsa ya koma zaure. Duk gidan da asuba ake watsewa gona, ba a dawowa sai rana ta yi sanyi, sai ta wuni tana kallon jinka, tana jin kukan kurciya da motsin awaki a bayan danga.

Kullum da safe Inna Rabi takan shigo, ta wuce gadon, ta durƙusa gaban kwando. Ta ɗaga ta leƙa, ta canza ruwa, ta watsa tsabar gero mai kyau, ta ce, "Sannu 'yar albarka, yau kin fi jiya." In za ta fita sai ta waiwayo ta ce, "Ke kuma ya jikin?"

"Da sauƙi, Inna."

To me za ta ce? Tun da aka halicci Bahaushe da Bafulatani, wane majinyaci aka taɓa tambaya ya ce ba sauƙi? Ko wanda ke gargara da sauƙi yake cewa. Kowa ya san amsa ce ta ladabi, ba labari ba ne. Amma a gidan Mainasara sai aka ɗauke ta aka mai da ita shaida. Duk maƙwabciyar da ta tambaya, sai Inna ta ce, "Alhamdu lillahi, ita da bakinta ta ce da sauƙi."

Ciwon kuwa ba ya barci. Ba ta iya juyawa, ba ta iya zama, ko tari ta yi sai ta ji kamar an soka mata tsitaka a mara. Abin da ya fi ciwon ciwo shi ne bukatar makewayi. Kasko aka ajiye mata, kuma sai ta jira wani ya dawo ya zubar. Ranar da ta ga yadda Inna ta toshe hanci da gefen mayafi, sai ta rage shan ruwa, ta rage cin tuwo, don kada ta riƙa damun mutane. Leɓɓanta suka bushe. Bayanta ya fara zafi inda yake manne da tabarma, daga baya ya saɓule ya zama gyambo, ba wanda ya gani domin ba wanda ya taɓa juya ta.

Mainasara yakan tsaya a bakin ƙofa da yamma, ƙaiƙayi a gashin kansa, ya yi mata sannu. Wata rana ta tattara ƙarfinta ta ce, "Malam, maganar Kano fa? Likita ya ce kada a daɗe."

"Ina sane. Bari a gama shigar da dawa rumbu."

Aka gama shigar da dawa, ta sake tambaya.

"Bari a roro wake, kin san awaki."

Aka roro wake. Wannan karon bai ko bari ta ƙarasa ba. "Haba Barakatu, ba a haɗa magani biyu. Tunda an fara na Shitu, a bari a ga abin da kaza za ta yi mana."

Ta san 'yan'uwanta sun yi kudu da shanu tun farkon kaka, ba za su waiwayo ba sai bazara. Babu wanda za ta aika, babu wanda zai zo. Abin da likita ya faɗa yana nan a kunnenta, tana jin kwanaki suna wucewa, tana jin ƙashin yana kamewa a cikinta a inda bai kamata ba, kuma ba abin da za ta iya.

Kaɗaici ya sa ta fara hira da kazar. Hannunta yana kaiwa ga kwandon, sai ta ɗan ɗaga shi ta gutsura mata tuwon da ta kasa ci. Takan yi mata magana da Fulatanci, harshen da ba mai amsa mata shi a gidan, ta ba ta labarin rugarsu, da sunayen shanun mahaifinta, da yadda take ɗaukar ƙwaryar nono tun daga bakin daji har kasuwar Doguwa ba ta sauke ba. Kazar takan karkata kai ta kalle ta da ido ɗaya. "Ke ma ba ki yi laifin komai ba," Barakatu kan ce mata, "kina kiwonki aka kamo ki." Wani lokaci sai ta ji hawaye na bin kunnenta, tunda a gaban kaza babu fulako.

Ita ta fara ganin kazar ta miƙe. Ta ga yadda take dafa ƙafar ta janye, ta sake dafawa. Ta ga kuma ƙafar ba ta miƙe sosai ba, ta ɗan lanƙwashe waje. Ba ta gaya wa kowa ba, domin ta san abin da zai biyo baya. Amma wata safiya Inna Rabi ta ɗaga kwando, kazar ta yi wuf ta fice tsakar gida, tana ɗingishi, ta nufi gindin turmi inda dusa ta zube.

Inna ta rangaɗa guɗa. Maƙwabta suka shigo, aka yi ta barka, ana sa wa Shitu albarka. Aka kwance karan da ke cinyar Barakatu, Inna ta tafa hannu ta ce, "To, Bafillatana, hutu ya ƙare. Tashi."

"Inna, kazar ɗingishi take yi."

"Tana tafiya ko ba ta tafiya?"

"Tana tafiya. Amma Inna, ita ƙafa aka karya mata. Ni ƙuguna ne."

"Ji min 'yar nan da gardama! Ƙashi ai ƙashi ne. Mainasara, kama ta."

Mainasara ya kama hammata ɗaya, wata maƙwabciya ta kama ɗayar, suka ɗaga ta tsaye. Ɗakin ya juya mata. Inna ta ce a sake ta, tsoro ne kawai, in ta ji ba mai riƙe ta za ta tsaya. Suka sake ta. Nauyinta ya sauka a kan ƙugun, wani abu ya motsa a ciki, ta zube ƙasa. A ranar ne mutanen Kwarin Gawo suka fara jin ihun Barakatu, har bijimanta da ke turke suka ɗaga kai.

Mainasara ya buɗe baki kamar zai ce a nemo mota. Inna ta riga shi.

"Raki ne. Ranar da amalanke ya danne ta ma ba ta yi wannan ihun ba, sai yau da ta warke? Son jiki ne ya kama ta, ta ɗanɗana kwanciya ta ji daɗi. Shi likitan naku ma me ya ce? Ba cewa ya yi aiki take bukata ba? To ga aiki."

Ta fita ta dawo da faifan gyaɗa ta dire a gefen gadon ta ce a ɓare kafin la'asar. Wasu matan suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai suka sulale. Mainasara ya rufe bakinsa ya ɗauki fartanya, duk da ba sauran abin nomewa a gona.

Daga nan ba a ƙara kiranta majinyaciya ba, sai mai taurin kai. Aka ɗauke kwando daga ɗakin, da shi aka ɗauke dalilin shigowar Inna da safe. Tuwo sai a miƙo daga bakin ƙofa. Masu zuwa dubiya suka daina, wa zai duba wadda ta warke? In matan ruga masu tallan nono suka tambayi Mainasara a hanya, sai ya ce, "Ta samu sauƙi, sai ƙarfin jiki." Su kuma su kai labarin gaba yadda suka ji shi.

Kazar ce kaɗai ba ta manta ba. Kullum da hantsi, in gida ya yi shiru, sai ta tsallako dokin ƙofa da ɗingishinta, ta zo gefen gado tana jiran rabonta. Barakatu takan ɓoye mata 'yar gyaɗa a ƙarƙashin matashi. In kazar ta makara, sai ta yi ta kasa kunne ko shaho ne.

Sanyi ya wuce, zafi ya shigo. Zafin ciwon ya ragu, ya koma wani nauyi mai cizo da ba ya tafiya. Ta koyi saukowa daga gado da hannuwa, ta ja jiki zuwa makewayi, don ta huta da wulaƙancin kasko. A nan ta lura ƙafarta ta hagu ta fi ta dama gajarta, tafin kuma ya juya waje. Ta daɗe tana kallon ƙafafun nan biyu da suka taka dajin Doguwa kaf, ta gane abin da likita ya ji tsoro ya riga ya faru. Duk da haka wani ɓangare na zuciyarta bai saki ba. Ai ya ce har rijiya za ta je.

Da hadarin farko ya fara haɗuwa, shanu suka dawo daga kudu. Yayanta Hamidu ya yi sallama a ƙofar gida da sandarsa a kafaɗa da goran nono a hannu. Daga ɗaki Barakatu ta ji muryarsa, ta zuba wa ƙofa ido. Amma ba a shigo da shi ba. Mainasara ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya ce baƙo ba ya ganin kowa sai ya ci abinci, ita tana nan lafiya, tana ɗan hutawa. A tsakar gida kuwa Inna ta sa aka bi kaza, kuma wadda ba ta iya gudu sosai ita ta fara shiga hannu.

Barakatu ta gane kukan. Ta ja jiki har bakin ƙofa.

"Inna, don Allah ba wannan ba. Baba Shitu ya ce kada a yanka sai na tashi."

"Ai kin warke tuntuni, tashin ne ba ki ga dama ba. Ɗan'uwanki fa za a karrama. Sabo da kaza ba ya hana yanka."

Ta koma ciki ta juya fuska ga bango. Ta ji fuffukar, ta ji shirun da ya biyo baya, ta ji ƙamshin miya ya cika gidan. Can aka miƙo mata kwano, tuwo da cinya guda har da ƙafar, kyautar da ba ta taɓa samu ba tun da ta kwanta, don dai baƙo ya tarar da maiƙo a hannunta. Ba ta kai komai baki ba. Ta sa yatsa ta zame naman, ƙashin ya fito. Ƙafar hagu ce. A tsakiyarsa ga wani ƙulli kamar gaɓar rake, kan nan ya hau kan wancan, ya haɗe a karkace. Ta goge shi da gefen zane, ta ƙulle a bakin mayafinta.

Da Hamidu ya shigo, sai da ya tsaya idonsa ya saba da duhun ɗakin. Warin gyambo ya fara tarbarsa. Ya ga ƙanwarsa da ya bari tana kokawa da bijimai ta koma kamar tsumma a kan tabarma. Bai yi salati da ƙarfi ba, bai yi zagi ba. Ya durƙusa ya ajiye sandarsa.

"Baraka, me ya hana ki aiko?"

"Wa zan aika, Hamma?"

Bai ƙara tambaya ba. Ya fita ya nemo mota, ya dawo ya ɗauke ta da hannunsa kamar yarinya. Inna Rabi na biye tana cewa ai ba a yi haka ba, matar aure ce, an yi mata duk abin da ake yi. Bai ko waiwaya ba. Mainasara ya ga ƙauye ya fito yana kallo, kunya ta kama shi, ya saɓa riga ya haye bayan motar.

A babban asibiti na Kano aka sake ɗaukar hoto. Likitan ƙashi, dattijo mai furfura, ya daɗe yana dubawa kafin ya tambayi yaushe abin ya faru. Hamidu ya kalli Mainasara. Mainasara ya ce, "Da kaka." Likita ya cire tabarau ya murza ido.

"Da a lokacin kuka zo, aiki ne da muke yi. Mu mai da ƙashin, mu ɗaure da ƙarfe, ta yi jinya ta tashi. Yanzu ya riga ya haɗe a karkace, ɓari ɗaya sama, ɓari ɗaya ƙasa. In za a gyara sai an sake karya shi, ga manyan jijiyoyi a wurin, ga jini, ga jikinta ya ƙare, ga gyambo. Ba zan sa mata wuƙa in kashe ta ba. Za mu yi maganin gyambon, mu koya mata tafiya da sanduna, a yi mata takalmi mai tudu."

"Likita," in ji Barakatu, "rijiya fa?"

Ya dube ta, bai yi mata ƙarya ba. "A'a, Malama. Ba ɗaukar tulu, ba daka. Ciwon ma zai riƙa tashi. Ki yi haƙuri."

Ta gyaɗa kai. Abin da ta riƙe tun daga Tudun Wada ya suɓuce mata a nan. Sai ga muryar Mainasara, yana yi wa likita bayani kamar wanda ke gaban alƙali.

"Ƙaddara ce, likita, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Wallahi ba mu zauna ba. Mun kira mai ɗori, an yi tofi, an yi komai. Kazar ma ta warke sarai. Ita kuma kullum aka tambaye ta, da sauƙi take cewa."

Ƙaddara, kalmar da ba ta taɓa ƙin ɗaukar kayan kowa ba. Kifewar amalanke ƙaddara ce, Barakatu ta yarda, ba ta taɓa riƙe kowa a kanta ba. Amma ba ƙaddara ce ta ce a bari a shigar da dawa ba. Ba ƙaddara ce ta ce a bari a roro wake ba. Ba ita ta ga kunyar wuƙar likita ta fi gurguntar mace nauyi ba, ba ita ta wuce gadon mutum ta durƙusa gaban kwando ba. Mutane ne suka yi, masu sallah, masu azumi, waɗanda ta dafa wa tuwo shekara da shekaru. Dawar tana nan cike da rumbu, ko ƙwaya ba ta ɓata ba.

Ta kwance bakin mayafinta a hankali.

"Malam, miƙo hannunka."

Ya miƙo. Ta ɗora masa ɗan ƙashin a tafi.

"Ga wadda kuka yi jinya. Duba da kyau, ita ma ba warkewa ta yi ba. Yunwa ce ta tashe ta."

Mainasara ya kalli ƙashin, ya juya shi, yatsansa ya tsaya a kan ƙullin. Ya dubi likita, likita ya mai da tabarau ya koma kan hotonsa. Ya dubi Hamidu, Hamidu na kallon taga. Ya rasa inda zai jefar da shi, ya rasa inda zai sa. Da bakinsa ya buɗe, sai abin da ya saba faɗa daga bakin ƙofa ya fito.

"Sannu, Barakatu. Ya jikin?"

Ta ɗago ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi a gaban mutane ba tun da aka kai ta gidansa.

"Ba sauƙi, Malam."